Tambaya: tafiyar ƙafa a gaɓar tekun Turkiyya

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga Jos nake. Ƙanena na karatu a Istanbul, ya dage sai ya taka Hanyar Lisiya a wannan hutun, daga Fethiye zuwa Antalya, sama da kilomita 500 a gaɓar Bahar Rum, jaka a baya, kwana a tanti. Guzurinsa bai taka kara ya karya ba. Hutun kuma ya faɗo Yuli da Agusta, tsakiyar zafi, ga ƙarancin ruwa a wasu wurare. Yaron da ya tashi cikin sanyin Jos! Hajiya ta bar min hukunci, na rasa ta cewa. Wanda ya taɓa bi, wane yanki ne zai iya gamawa cikin kwana biyar, kusa da ƙauyuka?