Yarona ya sauko da bindigar marigayi Baba, me zan yi?

Baban Sadiku, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, tun ranar Asabar barci ya gagare ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, maharbi ne a wani ƙauye wajen Giwa. Da ya rasu bara aka raba gado, bindigarsa ta toka ta faɗo a rabona. Na naɗe ta a buhu na ɗora saman sif.

Ranar Asabar na dawo daga kasuwar Sabon Gari da la'asar, sai na tarar Sadiku, ɗan shekara 11, ya taka kujera ya sauko da ita. Ya saita ƙanensa da ke zaune bakin ƙofa da kofin fura, yana ce masa "hannu sama", yatsansa a kan kunama. Wallahi gwiwoyina suka yi sanyi. Ni kaina ban san ko a ɗure take ba, don tun da aka ba ni ban duba ba. Na karɓe, na zane shi, dukan da har yanzu yake ci min rai.

Uwarsu ta ce bindigar ba za ta ƙara kwana a gidan ba. Ni kuma duk kayan Baba ita ce nake gani in tuna shi, har gurbin da tafinsa ya goge a jikin katakon yana nan. Shekarata 12 ya fara shiga daji da ni. In zaunar da yaron in koya masa kamar yadda aka koya min, ko in raba shi da ita kwata-kwata?

Maharbin Galma:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi sadaka, Allah ya tsare. Kafin maganar yaro, fara da bindigar. Ta toka ba a buɗe ta a ga cikinta, kuma albarushi in bai sha ruwa ba yana shekaru da ransa. Maharbi da yawa a ɗure yake rataye tasa. Mu da sandar ɗuri muke ganewa: a zura ta a hankali, baki na kallon inda ba kowa, a yi alama, a zaro a gwada da tsawon bututun daga waje. In sandar ba ta kai ƙarshe ba, akwai kaya ciki. Amma tunda ka daɗe da barin harkar, kar ka zungura ta da ƙarfe. Nemo tsohon maharbi.

Koyarwa kuwa, ka tuna da kyau, na tabbata ba bindiga mahaifinka ya fara miƙa maka ba. Ni rani uku ina ɗaukar jaka da goran ruwa a bayan kawuna kafin ya bar ni in taɓa tasa. Kullum bakinta sama ko ƙasa. In za mu tsallake rafi ko shinge sai ya sauke kunamar. In ta ƙi tashi, ba ya juyo da ita ya leƙa, sai ya ci gaba da riƙe ta a saiti ya jira, don wani lokaci wutar tana cin albarushin a hankali sannan ta tashi. Kuma ba a harbin motsin ciyawa, sai ka ga dabba da idonka, ka ga abin da ke bayanta.

Abin da ya shiga kaina ya zauna shi ne ranar da ya ɗora kabewa a kututture ya harbe ta ina tsaye. Ya sa na tsince ɓarɓashin da hannuna, ya ce wannan girman kan ƙanwarka ne. Tun ranar ban ƙara nuna mutum ko da sanda ba. Yaronka a waya yake ganin ana harbi ana tashi, bai taɓa ganin ɓarnar ba.

Tsohon Soja, Sabon Gari:

Malam, akwai doka fa. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, kuma lasisi na mai sunan ne, ba a gadonsa kamar gona. Ta toka ma kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da hurumin izininta. Da halin da ake ciki a Giwa da Birnin Gwari, in aka tsayar da kai a shinge da ita cikin buhu ba takarda, bayanin gado ba zai fitar da kai da wuri ba.

Wani zai ce ai makarantar soja ta yara tana nan Zariya tun 1954. Haka ne, amma can makami a ma'aji yake kulle, da lissafi ake fitarwa, da lissafi ake mayarwa. Kurtun Depot ma, inda ake horar da sababbin sojoji, sai ya sha makonni yana kwancewa da ɗaurawa kafin ya ga harsashi mai rai. Saman sif ba ma'aji ba ne.

Maman Ummi, Samaru:

Baban Sadiku, ka yi haƙuri, ina bayan matarka. Baba Maharbi a daji ya koya, kullum yana gaban kawunsa. Kai kana kasuwa tun safe, ita ke gida da yara. Ka koya masa yau, gobe ya ba abokansa labari a makaranta, jibi uku sun biyo shi su gani. Har a sami mai cewa an ba shi maganin bindiga a gwada.

Ɗan yayata idonsa na hagu ya tafi a ƙaramar sallah, da bindigar roba mai 'yan ƙwayoyin nan, ta ɗari biyar. Ni na riƙe shi a asibiti yana tambayata yaushe za a kunna wuta. Ta roba ke nan.

Ka kuma kira yaron ka lallashe shi. Duka zai koya masa ya jira sai ka fita ne kawai.

Malam na Ƙofar Doka:

Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Wannan darasin a fara shi tun daga wuƙar kicin da danƙo, ba sai an kai ga bindiga ba.

Baban Sadiku:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya aminin Baba ya zo daga ƙauye da kansa. A ɗure take. Ya zuba mata ruwa ta jiƙu, ya zauna a zaure ya zaro tsumma, sai ga ƙwayoyin boris guda bakwai. Na kira Sadiku na ba shi haƙurin dukan, tsohon ya zuba masa ƙwayoyin a tafin hannu bai ce komai ba. Yaron ya kalle su, ya juya ya kalli ƙanensa, sai hawaye.

Yanzu tana ɗakin shago a kulle, makullin na aljihuna, kuma tsohon ya cire kunamar ya tafi da ita. Ya ce in an yi hutu in kawo masa Sadiku ya fara ɗaukar jaka. Uwarsu ba ta amince ba tukuna. Oga Soja, maganar takardar, daga ofishin 'yan sanda na nan zan fara ko sai na je Kaduna?