Ƙanina ya bar makaranta a SS2, don Allah ku ba ni shawara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ne, shekararsa 19, muna Kurna a nan Kano. Tun da Baba ya rasu ya daina zuwa makaranta. Baba tela ne, kekensa har yanzu yana zaure an lulluɓe da tsohon zani. Lokacin rabon gado Kawu ya so a sayar, Umma ta hana, har yau ita da matarsa gaisuwar dole suke yi. Yaron ba ya sata wallahi, amma barci har azahar, dare kuma majalisa a bakin kwalbati. Shekaranjiya Umma ta tsinci kwalbar maganin tari a aljihun wandonsa. Ina jin ana maganar shirye-shiryen gwamnati na koya wa matasa sana'a ko mayar da su makaranta. Ta ina zan fara? An taɓa kai shi wani wuri ya gudo.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Hajiya, cire batun boko. Masu digiri nawa ne suke jan Adaidaita Sahu? Ki kai shi ofishin NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, tun 1986 aikinsu ke nan, su haɗa yaro da ogan da zai koya masa walda ko gyaran mota. In kin ga da jira, ki damƙa shi hannun wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ko masu gyaran waya a Farm Centre. Wata shida zai fara kawo wa Umma cefane.

Malama Hadiza:
A'a, Abu Sadik. Aji ɗaya fa ya rage masa. Hukumar Ilimin Manya tana nan tun 1980, zamanin Rimi, don irin waɗanda karatu ya yanke musu. Kuma ba sai ya sa yunifom ba, NECO tana da jarrabawar 'yan waje a ƙarshen shekara. In sana'ar ce ma akwai NABTEB, jarrabawar fannin sana'a da kasuwanci, ya fito da takarda a hannu.

Abu Sadik:
Malama, takarda ake ci? Yaron da ba ya tashi sallar asuba ne zai zauna ya yi bitar lissafi?

Ɗan Fagge:
Ni kar ma a yi min maganar tallafi. Aka tara mu a rana aka ce horo, aka ɗora mana kekunan ɗinki a gaba aka ɗauki hoto, ana watsewa aka loda su a mota. In ba ka da ɗan siyasa ko fom ba ka gani. Tun da aka hana acaɓa a 2013 nake buga-buga.

Ummu Khairat:
Kowa ya tsallake kwalbar. An hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma yara suna samu. Ki fara kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a duba shi. Wane oga ne zai riƙe yaro yana layi a shago? Kuma ina ne wurin da ya gudo, me ya koro shi?

Maman Ilham:
Haba Anti, Dawanau kuma? Ƙanina ba mahaukaci ba ne, kwalba ɗaya ce, ya ce ta abokinsa ce. Wurin kuma garejin wani ɗan uwan maigidana ne, ba na son shiga wannan maganar. Malama, kuɗin rajista fa? Ni ƙosai nake toyawa.

Abu Sadik:
To kin ji. Keke yana zaure, ke kina neman gwamnati. A yaye zanin nan, a sa masa mai, a kai yaron wajen abokan mahaifinsa teloli. Ni haka na yi wa ɗan yayata, duk da dai yanzu ko gaishe ni ba ya zuwa yi.

Malama Hadiza:
Shi yaron an tambaye shi me yake so?

Maman Ilham:
Cewa yake kwamfuta. Keken kuwa Umma ba za ta bari a taɓa ba, kuma ban ga laifinta ba. Akwai wanda ya san ko ana ɗaukar wanda bai gama sakandare ba a 3MTT ɗin nan, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar kwamfuta?

Ɗan Fagge:
In kin samu hanya a sa da ni.