Neman shawara: Baba ya haura saba'in, har yanzu yana son fita wurin ɗaukar fim

Mai tambaya, daga Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifinmu, zan sakaya sunansa don da yawanku kun san fuskarsa. Ɗan wasan kwaikwayo ne tun zamanin dandali. Daga ƙungiyar dirama ta unguwa ya faro, ya shiga wasannin gidajen talabijin na CTV 67 da NTA Kano a shekarun 1980, da aka koma kaset ɗin bidiyo ya bi sahu. Bai taɓa fitowa a jarumi ba. Shi ne mai unguwa, shi ne liman, shi ne uban yarinya mai kafiya a kan auren dole. Fitowa uku ko huɗu ya gama nasa, amma sau da yawa maganarsa ce ake maimaitawa a majalisa.

Yanzu ga ciwon suga, ga ciwon gwiwa. Wani furodusa ya sa shi a fim mai dogon zango da suke ɗorawa a YouTube. Sai a kira shi da hantsi, ba za a zo kansa ba sai bayan magariba, ya wuni a benci ba cin kirki. Abin da ake ba shi, in an cire kuɗin adaidaita sahu, ba ya sayen maganinsa. Yayyena sun ce mu haɗa masa kuɗin wata ya zauna a gida. Da aka gaya masa bai musa ba, sai dai tun ranar ko rediyo ba ya kunnawa. Mu matsa ya bari, ko mu ƙyale shi?

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Ɗorayi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ta fannin jikinsa nake kallo. Mai shan maganin suga in ya wuni bai ci ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa, ya fara gumi da karkarwa, har ya suma. A wannan tsarin da ka faɗa, gaskiya yayyenka suna da hujja.

Wani tsohon mai ɗaukar hoto, daga Zoo Road:

Ɗana, na yi aiki da sa'o'in mahaifinka, bari in ja magana kaɗan. Waɗannan dattawa a dandali suka koyi sana'a, inda babu a yanke a sake. In ka manta magana a gaban jama'a, kai za ka fitar da kanka. Shi ya sa za ka gaya wa irinsu abin da ake so a fitowa sau ɗaya, su zuba maka zance da karin magana a inda ya dace, wanda marubuci bai ma yi tunaninsa ba. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, 'yan dirama irinsu ne suka ɗauki harkar a kafaɗa, tun kafin mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990.

Inda aka bar su a baya shi ne wajen biya. Zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai ke sayen fim, kuma fuskar jarumi da jaruma ce a jikin fosta, don haka kuɗi can ya tafi. Mai fitowa a uba sallama ake yi masa a hannu, sau ɗaya, ko da fim ya yi shekara goma ana kallo. Su kuma kunya ta hana su ciniki, sai ka ji an ce “a ba da abin da ya sawwaƙa”.

Amma fa zamani ya juya musu ta alheri. Tun da satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe kasuwar CD, tashar talabijin ta Arewa24 ta zo a 2014, aka koma fim mai dogon zango, uban gida ya zama mai fitowa duk mako. Ba a iya canza shi a zango na biyu masu kallo su yi shiru. Wannan ƙarfi ne a hannunku da Baba bai saba amfani da shi ba.

Kada ku hana shi. Ɗayanku ya zama wakilinsa, duk mai nemansa ya biyo ta nan. A yanka fitowa nawa ce, nawa kowace ɗaya, a ba da rabi kafin ya bar gida, a rubuta a takarda. A haɗa fitowarsa gaba ɗaya a ɗauke da safe, a kawo shi gida kafin la'asar. Ana yi wa manyan jarumai haka kullum, ba wani abu ba ne sabo.

Wani matashi, daga Hotoro:

Baba mai kyamara, a yi haƙuri, amma ina jin tsoron sharaɗi ya yi yawa. Furodusa mai ƙaramin jari sai ya shafa wa ɗan shekara 35 hoda a gemu ya ce ga uba. Ku tuna hirar da BBC Hausa ta yi da dattijuwar 'yar fim Ladin Cima a 2022, da ta koka kan ƙanƙantar abin da ake ba ta, wasu masu shirya fim suka fito suka musanta. An yi ta ce-ce-ku-ce, ban ga an kafa wani tsari ba.

Tsohon mai ɗaukar hoto:

Gaskiyarka, wasu za su janye. To waɗanda za su janye su ne masu ajiye shi a benci. In aiki biyar ya koma biyu masu mutunci, Baba bai yi asara ba.

Wata malamar makaranta, daga Fagge:

Ni abin da ya taɓa ni shirun nan ne. Mutumin da ake tsayarwa a Kantin Kwari ana gaisawa saboda sana'arsa, ba kuɗin wata kaɗai ke riƙe da shi ba. Ku ba shi kuɗin, kada ku ɗaura masa sharaɗin zama. Kuma ka nemi yayyenka ku je a ladabce, a ce shawararsa ake nema, ba hukunci aka kawo ba. Sannan don Allah ku zaunar da shi ku naɗi labarinsa a waya: ƙungiyoyin da ya shiga, waɗanda suka koya masa, yadda ake shirya wasa a talabijin a da. Cikin tsofaffin 'yan wasan talabijin, Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja Mazan Fama a 2023, Allah ya jiƙansu, samarin yanzu kaɗan ne suka ga aikinsu sosai. In akwai tsofaffin kaset a gida, a juye su zuwa kwamfuta tun ba su ci ƙura sun lalace ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa babban yayanmu, ya amince in zama wakilin, da sharaɗin mu fara kai Baba a auna sugansa mu ji ta bakin likita. Kaset akwai su cike da akwati a ɗakin Hajiya. Wanda ya san mai na'urar juye su a nan cikin gari, don Allah ya yi min magana.