Me za mu kira "alternative" da Hausa?

1/ Jama'a ku taya ni. Daren jiya ina rubuta ɗan bayani kan Arlo Parks, kalma ɗaya ta tsayar da ni cak: alternative. Ƙamus ya ce "madadi". Na rubuta "mawaƙiyar madadi", na karanta a fili, ni kaina sai da na yi dariya. Madadin wa? Kamar an gayyaci wata biki ba ta zo ba, aka turo wannan.

2/ Ga wanda bai san ta ba: haifaffiyar yammacin Landan ce, shekarar 2000. Mahaifinta ɗan Najeriya, ta wajen uwa kuma tana da jinin Chadi da Faransa. Kundin waƙoƙinta na farko, Collapsed in Sunbeams, ya fito a Janairun 2021 tana da shekara 20. A Satumban shekarar ya ci kyautar Mercury, wadda ake ba kundin da ya yi zarra a shekara a Birtaniya da Ireland, sannan aka sa shi takarar Grammy a rukunin wannan kalma da ta hana ni barci.

3/ Sai kun ji kiɗan za ku gane matsalata. Ganga a hankali, jita ba hayaniya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai yi maka magana a ɗaki don kada ta ta da na barci. Kundin ma da karatun baiti ta buɗe shi, ba rerawa. A "Caroline" tana jiran bas ne ta ga saurayi da budurwa suna faɗa a titi, ta tsaya kallo, shi ke nan waƙar. "Black Dog" kuma magana ce da wanda ciwon damuwa ya kwantar, ana lallashinsa ko ya tashi ya fita waje. Black dog, wato baƙin kare, a bakin Ingilishi laƙabin wannan ciwo ne. Waƙar ta fito a 2020 ana tsakiyar kullen korona, shi ya sa ta shiga zukata haka. Babu kirari, babu ambaton mai kuɗi, babu wurin da za ka miƙe ka taka rawa. Na sa wa ƙanwata a mota, ta yi shiru har muka wuce shataletale biyu, sannan ta ce, "Yaya, wannan ai hira take yi."

4/ To abin da Turawa ke nufi da kalmar ke nan: kiɗan da ya bar babban titin kasuwa ya bi tasa hanyar. Ba sunan kayan kiɗa ba ne, ba kuma sunan rawa ba. Matasan Legas sun gutsure ta sun ce alté, sun huta. Mu fa?

5/ Abubuwan da kuka turo tun safe:

"Kiɗan gefe." Yana da sauƙi a baki, amma gefe wurin wanda aka ture ne. Wadda ta ci Mercury ba a gefe take ba.

"Kiɗan ɗaka." Wannan ya burge ni, don ya dace da muryar Arlo sosai. Sai dai akwai masu alternative da jitarsu ke tsaga kunne, ɗaki ba zai ɗauke su ba. Mu ajiye shi ga irin waƙoƙin da yara ke haɗawa da kwamfuta a ɗakin kwana.

Wanda ya ce "ɓarauniyar hanya", Allah ya shirye ka.

6/ Wani malamina na adabi ne ya warware min, a saƙo na layi biyu. Ya ce, "Ɗana, ka manta da ratse?" A nazarin waƙa, idan mawaƙi ya bar jigonsa ya leƙa wani zance, ratse ya yi. Matafiyi ma yakan ratse daga titi ya shiga wani ƙauye da niyya, idonsa biyu. Na ce Allah ya gafarta malam, kar mutane su ji kamar ɓata ake nufi. Ya ce wanda ya ɓata bai san inda titi yake ba, mai ratse ya sani sarai.

Kiɗan ratse. Mawaƙiyar ratse. Ku faɗa a fili ku ji yadda ya zauna.

7/ Sauran kalmomin ba su ba ni wahala ba. Album kundi ne, na farko kuwa kundin fari, kamar ɗan fari. Singer-songwriter kuma ban ga dalilin ƙirƙirar komai ba. Turawa sun raba mai tsara waƙa da mai rerawa, shi ya sa suke buƙatar kalmar. A wurinmu wa ya taɓa rubuta wa Shata ko Ɗan Maraya? Mawaƙi kawai ya isa, in ana son fayyacewa a ce mai waƙar kanta.

8/ Jimlar da na miƙa ke nan: "Arlo Parks, mawaƙiyar ratse mai waƙar kanta, ta ci kyautar Mercury da kundinta na fari." Mutanen Damagaram da Maraɗi, ratse yana tafiya haka a bakinku, ko da wata kalmar kuke faɗa?