Me ya sa ƙasan bishiyar turare ba ya yin ciyawa sosai?

Manomin Rigachikun:
Salam jama'a, a dajin Afaka inda aka jera turare zalla ƙasa fayau take, amma inda gawo da kirya da ɗorawa suka cakuɗe baƙa ce mai laushi, meye dalili don Allah?

Ɗalibar aikin gona:
Baba ai ganyen turare yana da mai, ƙwayoyin halittar ƙasa basa saurin cinye shi, sai ya daɗe bai ruɓe ba. In itatuwa kala-kala ne kowane ganye da masu cinsa, su bakteriya da gara da tana, taki baya yankewa, kuma saiwar gawo akwai bakteriyar dake kamo naitirojin, wato sinadarin dake ciyar da shuka, daga iska.

Wani daga Kujama:
Gaskiya ne ƴata, gawo da damina yake zubar da ganye, masarar gindinsa ta fi kauri. Masu gawayi dai su tausaya wa kirya wallahi.