Waɗanda suka koyi rubutun Mos, ina kuka maƙale?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina koyon rubutun ɗigo da layi na wayar tangarahu. Na haddace jadawalin tsaf, idan aka ba ni jimla ina mayar da ita a takarda cikin minti biyu. Amma da na kunna sautin sai komai ya cakuɗe, kafin in gama ƙirga ɗigon harafi ɗaya uku sun wuce. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka mini.

Baba Mai Ritaya:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Ƙirgar nan ita ce ta riƙe ka. Ni a soja na koya, a sashen sigina, kuma ranar farko malaminmu ya karɓe duk takardun jadawalin da muka kwafa. Ya ce A sunanta "di-da", B kuma "da-di-di-di" ("di" ɗigo, "da" layi), da kunne ake saninsu kamar yadda kake gane sallamar maƙwabcinka tun yana zaure. Mukan zauna da abin ji a kunne da fensir a hannu, harufa biyu kacal yake bugawa, K da M, da cikakken sauri. Sai mun kama tara cikin goma yake ƙara na uku. Daga baya na ji ana kiran wannan hanyar Koch, sunan Bajamushen da ya fito da ita. Ranar da abin ya buɗe mini, hannuna ne ya rubuta harafin kafin in yi tunani, har na tsaya ina duban takardar. Ka ajiye jadawalin nan yau. Idan harafi ya kuɓuce maka, bar gurbinsa ka bi na gaba.

Malamar Hausa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta karin waƙa na shiga, don harshenmu da kansa yana da gajeriyar gaɓa da doguwa. "Gida" gajere ne da dogo, wato A. "Audu" N ne, "lemo" M, "tsintsiya" K, "Zariya" D, "Katsina" kuwa gajeru uku, S ke nan. Ɗalibaina mata sun kama harufa goma a zama ɗaya da wannan.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, dabarar ta yi kyau ga mai farawa, ban taɓa jin ta ba. Sai dai a yaye su da wuri, domin idan gudu ya ƙaru babu lokacin tuna tsintsiya kafin a rubuta K.

Mai Gyaran Rediyo:
Ni wajen aikawa na sha wuya. Na haɗa maɓalli da guntun zarto da batir da ƙaramar ƙararrawa, ina buga wa ƙanena daga shago zuwa cikin gida. Kullum sai ya fito ya ce me ya kawo X da P cikin Hausa. Ashe tazara nake haɗiyewa. "Na" layi-ɗigo ne, shiru, sannan ɗigo-layi. Idan ka manne su sun zama X. "An" kuma ta koma P. Ku duba sau nawa muke cewa na da an a magana. Ƙa'idar ita ce layi tsawon ɗigo 3 ne, shiru a cikin harafi ɗigo 1, tsakanin harufa 3, tsakanin kalmomi 7. Sai da na yi sati ina ɗaukar sautin kaina a waya ina saurare kafin hannuna ya daidaita. SOS kuwa, alamar neman agaji, da gangan ake manne ta, ɗigo uku layi uku ɗigo uku a numfashi ɗaya.

Uwar Biyu:
Abin da ya dame ni shi ne ɓ da ɗ da ƙ ba su da alama a tsarin ƙasa da ƙasa. Na aika wa mijina "ƙafa ta kumbura" da fitilar waya, ya rubuta KAFA, ya zauna yana tunanin wace kafa. Yanzu mun yi yarjejeniya a gida, muna sa alamar nan ta saman 'ya'ya bayan harafin, ɗigo ɗaya, layi huɗu, ɗigo ɗaya. Tana da tsawo, amma baki da baƙi sun daina rikicewa. Kuma Ɗan Fagge, ka riga ka san kalma ɗaya da kunne: ƙarar shigowar saƙo ta tsohuwar Nokia, di-di-di da-da di-di-di, SMS take faɗa.

Ɗan Fagge:
Wallahi Hajiya yanzu na rera ta, na ji S ɗin nan biyu ba tare da ƙirga ba. Na gode muku duka. Baba, na cire jadawalin daga bango. Na yi minti goma sha biyar da K da M bayan la'asar, na kama 41 cikin 50. Gobe in Allah ya kai mu zan sake, in na haura 45 zan ƙara R.