Mai zane za ta zo ajinmu sati biyu: in sakar mata yaran da bangon?

Malamar Aji Biyar, Gadarif

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ina koyarwa a wata firamaren 'yan mata a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, yara 74 ne a rajistata, da yawansu yaƙi ne ya koro su daga Khartum, Madani da Sinja. Ajin da muke ciki iyalai shida ne suka zauna a cikinsa lokacin da makarantu ke rufe. Sun tashi sun bar mana bango baƙi ƙirin da hayaƙin girki, ga ramukan ƙusa inda aka rataya zannuwa tsakanin iyali da iyali.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Bahri, wato Khartum ta Arewa, da ke zaune a unguwarmu, ta yi karatu a Kwalejin Zane ta Khartum. Ta zo ɗaukar 'yar yayarta ta ga bangon, ta tsaya tana kallonsa kamar ta ga ɗan'uwanta. Sai ta ce in mun yarda za ta riƙa zuwa bayan fatur, wato karin kumallon hantsi, har sati biyu, ita da yaran su mayar da shi abin kallo. Mudira, shugabar makarantarmu, ta ce wuƙa da nama suna hannuna.

Ga abin da ya sa nake jan ƙafa. Kafin yaƙi wata ƙungiya ta taɓa kawo mana mai zane. Kwana biyu ya yi a kan tsani shi kaɗai, ya zana hannaye ana wanke su da sabulu. Da ya gama aka jera yara biyar masu tsabtar kaya, aka ba kowace burushi busasshe, aka ɗauki hoto, farar mota ta tashi. Wata ɗaya bai cika ba yaran suka fara gwada saitin jifa a kansa. Ba na son a maimaita mini wannan.

Na biyu, na yi ɗan gwaji. Na raba takarda na ce kowa ta zana abin da ta ga dama. Abin da ya dawo mini: tatshar, motar yaƙin nan, da bindiga a bayanta, musayyara, wato jirgi marar matuƙi, a sama, gida babu ƙofa. Wata yarinya shiru-shiru da ke zama kusa da taga firji kawai ta zana, da marfinsa a buɗe, ta jera kwalaben ruwa a ciki ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Na ce mene ne wannan? Ta ce, "Tallajarmu ce, Ustaza, an ɗauke." Irin wannan ne za mu ɗora a bangon da za su wuni suna kallo?

Na uku, wani uba a majalisar iyaye ya aiko cewa kada a zana mai rai. Kuɗin fenti kuwa, kowa ya san yadda fam ya zama.

Wanda ya taɓa yin irin wannan aiki, don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Baffa na Mai Wurno

Wa alaikumus salam 'yata. Jikana ne ke rubuta mini, ni idon ya yi nisa.

Kafin komai, kada ki sa a wanke wannan kunkunniya. Ki sa a kankare ta a hankali a tara a kwano. Shekara arba'in ina da makarantar allo, ban taɓa sayen tawada ba. Baƙin gindin tukunya ko na bango, a tankaɗe shi da rariya mai laushi, a jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, a tace, a haɗa, a yi ta murzawa a turmi har sai hannu ya gaji. In kika ɗiga a farce ya zauna bai zube ba, ta yi. Larabawan nan amar suke ce mata. Na bango yakan zo da maiƙon girki, sai ki ƙara masa garin gawayi. Ku da ke Gadarif, hashab, itacen ƙaro, na bayan gari, ƙaro ba zai gagare ku ba.

Maganar zane a makaranta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi a 1903, da allunansu a rataye suka iso bakin wannan kogi na Nilu, inda garinmu Mai Wurno yake. In yaro ya kai wani mataki a karatu ana yi masa zayyana, wadda nan ake kira sharafa. Mai zayyana sau da yawa baƙo ne, kiransa ake yi. Amma ki lura da iyakar aikinsa: gefe yake ƙawatawa. Tsakiyar allo ta yaro ce, da hannunsa yake rubuta ayoyin, ko da rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Shi ya sa yake yawo da allon gida-gida yana taƙama. Ki gaya wa baƙuwarki haka nan.

Shi kuma uban nan kada ki ɗauke shi abokin gaba. Yana da madogara. Wani mai sana'ar sura ya zo wa Ibn Abbas, ya ce masa in ba makawa to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Yana cikin Bukhari da Muslim. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta ne a kan cikakkiyar sura mai inuwa, wato wadda aka sassaƙa ko aka gina, sun sassauta a kan ta shafe. Amma kada ki je ki yi masa karatu. Ki tafi gidansa ke da mudira, ku sha shayi, ki tambaye shi wace itaciya ce a ƙofar gidan ubansa.

Ɗan Ishash, yanzu Bur Sudan

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ma kwalejin nan na yi, kuma abin kunya, mutumin kan tsanin nan da kika kwatanta, na taɓa zama irinsa, ba sau ɗaya ba. Ba mugunta ba ce. An ba ka kwana uku, ana jiran hoto, ga yaro ya ja layi ya karkace. Hannunka ne zai riga ka kai wa wurin. Ranar da na gane ɓarnar, wani yaro ne ya zana jakin kakansa da ƙafafu kamar sandar rake. Da yamma bayan sun tashi na daidaita masa su. Washegari ya zo ya tsaya, ya duba, ya ce, "Ustaz, ina nawa?" Bai ƙara taɓa burushi ba har muka gama.

Don haka sharaɗi ɗaya ki kafa mata tun kafin ta shigo, a gaban yaran: burushinta ba zai hau kan na yarinya ba, da rana ko bayan an tashi. In za ta nuna wani abu, ta nuna a takarda a gefe. Aikinta shi ne raba bango, haɗa kala, da tambaya. In ta ɓata rai da wannan sharaɗi, kin samu amsarki da wuri.

Yara 74 ba za su tsaya a bango ɗaya ba, faɗa za a yi. Ki kasa su takwas-takwas ko tara-tara, masu daka, masu tacewa, masu awo da igiya, masu zane, kullum ana juyawa. Ki sa ido kada 'yan gaban aji su mallake burushi, 'yan baya su ƙare a ɗebo ruwa.

Kayan aiki. Baffa ya yi gaskiya a kan tawada, sai dai ƙaro ruwa na narkar da shi. Bangon waje damina ɗaya ta Gadarif za ta tafi da shi, a ciki kawai zai yi. Bangon da ya sha hayaƙi, bayan an kankare sai an wanke da sabulu, in ba haka ba maiƙon zai huda farin ya fito rawaya-rawaya. A shafa jir, farin nan da ake shafa wa bango, hannu biyu, manya su yi, don ɗanyensa na cin fata, ya shiga ido kuwa masifa ne. Ki manta da fentin mai, warin tinar a rufaffen aji zai kwantar miki da yara. Ki je maglak, shagon kayan gini, ki sayi garin kalar da ake zuba wa siminti, ja da rawaya, ki dama da ruwa da farin gam na kafintoci. Ba ya jin tsoron jir, ba ya kuma koɗewa. Jar ƙasa da aka tace ita ma haka. Karkade, wato zoɓo, da kurkum kuwa ki bar su don wasa a takarda: karkade na taɓa jir zai juya ya koma kore-kore, kurkum ya koma ja, rana kuma ta cinye su. Amma ki bari yaran su gani da idonsu, ihun da za su yi ya isa darasin kimiyya guda.

Zancen tatshar da musayyara: kada ki hana, kada kuma ki tono. Wadda ta zana, ki ce ta ba ki labarin zanen in tana so. In ta yi shiru, shi ke nan. Takarda daban, bango daban. Takarda tata ce, ta ninke ta tafi da ita ko ta yaga. Bango na mutum 74 ne har da waɗanda za su gaje ajin, sai abin da suka yarda da shi tare. Da na gwada haka a wata makaranta a nan, yaran da kansu suka ce ba sa son bindiga a inda suke cin fatur.

In kina neman abin da zai gamsar da uban nan, ga gawo. Ibrahim El-Salahi, ɗan Omdurman da aka haifa a 1930, wanda Tate Modern ta Landan ta yi wa babban baje koli a 2013, ya daɗe yana zana haraz, wato gawonmu, itaciyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani. Shi ma ɗan malamin allo ne. Da aka tsare shi a kurkukun Kobar a 1975, a kan yagaggun takardun buhun siminti yake zane, yana binnewa a yashi kada masu gadi su gani. Ki tambayi maƙwabtanku masu gini buhunan da suka zubar, takarda ce mai kyau.

Maman Hanan, Makka

Ni dai ku yi haƙuri, zan ɓata muku daɗin hira. 'Ya'yan ƙanwata suna nan Gadarif, ni ke aika kuɗin littafinsu. Babbar tana aji biyar, na sa ta karanta mini Fatiha daga mushafi a waya, da ka take yi, ba ta bin harafi. Yaran da suka yi wata da watanni ba makaranta, sati biyu kuma a dakan gawayi? Malama, in za ki yi, kada ki taɓa hissa, wato lokacin darasi, ta Larabci da lissafi.

Sannan ita matar, kowa na ta tsara mata sharaɗi, ba wanda ya ce me za ta ci. 'Yar gudun hijira ce fa. Ta ce kyauta don kunya. Ku haɗa mata wani abu, ni zan sa hannu, ki yi mini magana ta gefe. Kuma fuskar yarinya ko ɗaya kada ta hau Facebook sai da izinin uwarta. A ɗauki bango.

Malamar Aji Biyar, Gadarif

Allah Ya saka da alheri. Baffa, mun je. Tsamiya ce a ƙofar gidan ubansa, a wani ƙauye kusa da Sinja, sai da shayi ya huce yana ba mu labarinta. Ya ce itace da gidaje da kogi babu laifi, tsuntsu dai a bar shi. Mun bar shi.

Yaya Maman Hanan, maganarki ta zauna. Hissa ta ƙarshe kawai muka ɗauka, kuma duk wadda ta zana abu sai ta rubuta sunansa a ƙasa da hannunta, da Larabci, wadda ta iya ta ƙara da Hausa. Nan na gano mutum goma sha ɗaya ba sa bambance sin da shin. Iyaye sun haɗa wa baƙuwar ɗan abin da ya samu da mudu biyu na riɗi. Ta yi ta ƙi, daga baya ta karɓa.

Da na faɗa mata sharaɗin burushi dariya ta yi, ta ce to a ɗaure mata hannu. Ta ja gindin gawo babba daga ƙasa har rufi, ta yi gefe da irin zanen lalle da yaran suka koya mata, ta bar rassan fayau. Yau kwana huɗu. Kunkunniyar ta ba mu tawada kwalba uku. An yi kuka sau biyu, duka a kan wa zai hau benci.

Mai firji ta ce a kan reshe take son nata. Wasu suka ce firji ba ya hawa bishiya, aka yi ta musu, aka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu, ta ci da 41. Yana nan a reshe na uku daga taga, marfi a rufe wannan karon. Ɗan Ishash, jan ya fara tsattsagewa a inda suka labta shi da kauri. Gam ne ya yi yawa ko ruwa ne ya yi kaɗan?